Maɗacin da na sa wa jan fenti a Barkiya

Har na bar aiki ban manta da ranar da na sa wa maɗacin Barkiya jan fenti ba. Lokacin ina ƙaramin malamin daji, shekarata ta uku a aiki, an turo ni Kurfi daga ofishinmu na Dutsin-Ma.

Ga wanda bai san tsarin ba: itace irin maɗaci, gawo ko ɗorawa, ko a gonarka yake ba ka sare shi sai da izini. Mai gona zai kawo buƙata, a tura malamin daji ya duba, in ya gamsu ya shafa wa itacen fenti, sannan oga ya sa hannu.

Wani Alhaji Sada, ɗan kasuwar hatsi, ya sayi gona a Barkiya yana son shigar da tarakta. A gefenta akwai ɗan kurmin da tsohon mai gonar ya bari, da wani dogon maɗaci a tsakiya. Ogana ya ce in je in gama a ranar, Alhaji mutumin kirki ne, kada a ja masa rai.

Da rani ne, rana ta take. Na auna kaurin itacen, na ciro fenti. Sai ga wani dattijo mai gona a maƙwabta, Baba Ɗanjuma, ya iso da sandarsa. Bayan gaisuwa ya ce akwai sheƙar ungulu a sama, kuma su kaɗai suka rage a yankin, masu neman kawunansu don magani sun ƙarar da sauran.

“Malam, ka ɗaga musu ƙafa zuwa faɗuwar ruwa. Ɗansu bai yi fiffike ba.”

Ina da ikon rubuta a dakata. Amma na tuna oga, na tuna nisan hanya, na ce masa takarda ta riga ta fito, alhali oga bai sa hannu ba tukuna. Ko kaina ban ɗaga na duba sheƙar ba. Na shafa fenti na hau babur.

Bayan kwana huɗu na koma ganin an bi ƙa'ida. Na tarar an kayar da itacen, ana yanka katako. Baba Ɗanjuma na tsugune yana tona rami da fartanya, ga ɗan ungulun a gefe a mace, gashinsa bai gama fitowa ba. Iyayen biyu suna ta kewaya sama. Bai zage ni ba. Da ya rufe ramin ya karkaɗe hannu, ya ce, “Su ma Allah zai tambaye mu a kansu, Malam.”

A daminar shekarar wani jaki ya mutu a bakin gari. Da, lokacin da akwai ungulaye, kafin la'asar sai ƙashi. Wannan karon ya kwana shida yana wari, karnuka suna jan naman har ƙofar gidaje.

Na rubuta rahoto na faɗi laifina. Oga ya karanta ya sa a fayil, ba wanda ya hukunta ni, kuma hakan ya fi yi mini ciwo.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, doka ta ba ku fenti, amma ba ta san abin da ke kan reshe ba. Manomin da ya tsufa a gindin itace ya sani. In ya tare ku da magana, ku kashe babur ku saurare shi.