Na Wanke Kayan Yaya Garba

Ina tankaɗe gari a tsakar gida maƙwabcinmu mai wayar tarho ya yi sallama, ya ce an kira daga London, Yaya Garba ya rasu, har an binne shi. Shekara ashirin da biyu yana tura gadon marasa lafiya a wani asibiti a Camberwell. Matarsa ta riga shi, sai 'yarsa Hadiza, wadda sau ɗaya na taɓa gani. Inna ta ce ni zan je in ga abin da ya bari, don a raba gado yadda addini ya ce.

Biza ta ci wata biyu. Mun tashi da asuba daga Zariya, ni da ɗan kawunmu da ya raka ni, na hau jirgi a Kano. Ban runtsa ba har muka sauka. Sanyin Janairu ya tare ni a bakin ƙofa, na gane rigar sanyin da na saya a Sabon Gari ta ado ce kawai. A jirgin ƙarƙashin ƙasa da suke kira tube mutane sun cika maƙil, amma ba mai duban wani.

Flat ɗinsa na council ne, wato gidan hayar hukuma, a hawa na huɗu. Maƙwabcinsa, wani dattijo mutumin Kumasi mai gadin shago, shi ya yi wa gawarsa wanka. Ya ba ni makulli ya ce, "Hajiya, yarinya ya yi kuka, ya gaji." Na ɗauka wani yaro yake nufi, ashe Hadiza ce. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa. A kasuwar Peckham na ga doya ɗaya fam biyu, na lissafa da naira, na ajiye musu abarsu.

Kayansa ba yawa: riguna, rediyo, Alƙur'ani, sai gwangwanin biskit. A ciki akwai ƙananan sassaƙe goma sha ɗaya, kowanne bai wuce goro ba. Ɓera rungume da wake, kwaɗo a kan ganye, wani tsoho yana hamma. Bakwai na itace, huɗu na hauren giwa. Hadiza ta ce sunansu netsuke. Mutanen Japan na da rigarsu ba ta da aljihu, sai su rataya 'yar jaka da igiya a ɗamara, wannan abin shi ke tokare igiyar. Shi ya sa kowanne yake da huda biyu. Babanta kan fita kasuwar tsofaffin kaya ran Juma'a kafin ya tafi aiki, ya yi shekaru yana tsinto su ɗaya ɗaya. Ban taɓa sanin yana da wannan sha'awa ba, kuma bai taɓa ambatarta a wasiƙa ba.

Hadiza ta sa mana rana da wata mata mai yi wa irin kayan kuɗi, ran Talata. Ran Litinin tana makaranta na zauna na dube su. Duk sun yi baƙi, sun yi maiƙo, datti ya cika lungunansu. Ni kuwa ba a koya mini kai wa baƙo kaya da dauɗa ba, balle Baturiya ta ce ɗan'uwana ƙazami ne. Na dafa ruwa, na zuba garin sabulu, na jiƙa su. Na bi su da soson ƙarfe har hauren ya yi fari tas, na jera na itacen a kan hitar ɗumama ɗaki su bushe. Ranar ce kaɗai na ji na yi masa wani abu da hannuna, tunda ban samu jana'izarsa ba. Na naɗe su a sabon ƙyalle, ban nuna wa kowa ba.

Shagon matar ƙarami ne, a tsakiyar gari. Ta kwance ƙyallen, ta ɗauki ɓeran, ta kai shi hanci. Ta sa gilashin ƙara girma ta daɗe tana dubawa. Bayansa ya tsage daga wuya zuwa wutsiya, ban lura ba sai a lokacin. Ta tambayi wanda ya wanke su. Na ce ni ce.

Ta yi magana a hankali, ba faɗa. Ta ce wannan baƙin da sheƙin su ake saye, gumin hannun mutane ne na shekara ɗari da wani abu, kuma da shi take gane na gaske daga na jabu. Tawadar da ke cikin zanen hauren ta fita, sa hannun masassaƙi a ƙarƙashin kwaɗon ya goge. Ta ce da ba a wanke su ba, da uku daga ciki za su yi kuɗi sosai, yanzu ba za ta iya sa musu farashi da gaskiya ba. Na hauren ma ba za su fita ƙasar ba sai da takarda, tun da aka hana fataucinsa.

Muka fito, ni da Hadiza, muka hau bas. Ta ce, da Hausarta mai tsami, "Goggo, ɓeran nan kullum yana hannun Baba in yana kallon labarai." Ta juya tana kallon taga har muka sauka.

Na ƙara kwana tara. Na yi mata tuwo da miyar kuka, ta ci, ta yi godiya. Ta kai ni maƙabarta, can bayan gari, ciyawa jiƙe sharkaf, na yi masa addu'a a tsaye. Gwangwanin na bar mata.

Na dawo Zariya da rediyo da riguna da tari. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne in yi tambaya kafin in gyara abin da ba nawa ba. Inna ta tambayi ko kayan sun yi daraja, na ce ana dubawa. Ba a raba gadon ba, kuma har yau ban ce wa Hadiza ta yafe mini ba.