Ranar da Muka Ɓuya wa Masu Duba Gidaje

A kan dutse aka haife ni, can bayan Rusaifa a Makka, inda mota ba ta hawa, sai matakala. Iyayena aikin Hajji ya kawo su suka zauna babu iƙama, wato takardar izinin zama, mu ma haka muka taso. Ruwa a jarka muke hawowa da shi, har kafaɗata ta yi kanta.

Muna da wata al'ada a unguwar. Duk wanda ya hango baƙi cikin riga iri ɗaya suna hawowa, sai ya buga murfin tukunya. Kafin su iso kowa ya ja ƙofa, ya haye ƙololuwa, ya lafe a bayan duwatsu. Murfin nan ya tsirar da mu daga masu kame ba sau ɗaya ba.

Wata safiya aka buga. Na goya Umma, don gwiwoyinta sun daina ɗaukarta, muka gasu a rana har la'asar. Muka sauko muna murna, wai mun sha.

Ashe ba masu kame ba ne. Ma'aikatan shirin raya unguwannin kan dutse ne, suna duba gidajen da ke da mutane don a ja musu famfo. Sun ƙwanƙwasa, shiru, suka fesa jan fenti a bangonmu: kango, a rushe. Mutanen ƙasa da mu, waɗanda aka ritsa a gida, ba wanda ya tambaye su takarda ranar. Ga su can da famfonsu. Mu ne masu wayo!

Na sha zuwa ƙofar ofishinsu in tsaya in juyo. In na ce muna ciki, za a tambayi su wane ne mu. In na yi shiru, gidan ya tafi. Tsoro nake ji, kuma ban san wanda zan gaya wa ba.

Motocin rusau suka iso gindin dutsen, maƙwabta suka watse. Rannan na dawo na tarar Umma ta ja jiki zuwa bakin ƙofa, ta hura wuta, hayaƙi na tashi.

"Umma, yalla ki shiga ciki, rana za ta illata ki."

"Halas, shi ke nan, ɗan nan, na gama ɓuya," in ji ta. "Bar ni nan, ko wani zai hawo ya ga akwai mutum."

Na kasa gaya mata an riga an fasa matakalar. Ni kaina ta bayan dutsen na rarrafo.