Yaushe Ɗana Ya Yi Jika Mai Furfura?

Ƙamshin shinkafa da madarar kwakwa, da ɗan kanumfari a ciki, har yau yakan mayar da ni tsohon gidan da na tashi a unguwar Al-Oud, can ƙasar Larabawa. Mahaifina direba ne. Shekarar da kakanmu ya rasu sai ya nemo wa mahaifiyarsa bizar ziyara, ko sauyin wuri zai rage mata kewa. Wata guda ta yi a kusurwar ɗaki, abinci sai an yi da gaske, magana babu. Mu jikoki kuwa Larabci ya cinye mana baki, Hausarmu guntu-guntu. Mahaifina har ya rame don tsoron kada ta bi mijinta.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata dattijuwa ce 'yar Mombasa, mai zama wajen ɗanta. Rannan ta kawo mana irin shinkafar nan, ta tarar da mahaifina zai fita, ta ce, "Habari, kaka?"

Kakata ta ɗago kai ta dube ni. "Ke, tambayar min ita, yaushe ɗana ya yi jika mai furfura?"

Na tambaya da Larabci. Matar ta yi dariya har da riƙe ciki. Ashe a Swahili kaka yaya namiji ne. Ita ma duk kwanakin nan tana jin muna kiran tsohuwa "kaka", tana mamakin tarbiyyarmu. Ranar kakata ta cinye rabin kwanon, wai ɗanɗanawa take yi.

Daga nan kullum bayan la'asar suna tare, ni ce tafinta a tsakani. Matar ta ce habari, kakata ta ce labari. Ta ce asubuhi, kakata ta ce asuba, ta kuma rantse satar mana aka yi. Matar ta ce a'a, harshensu na mutanen gaɓar teku ne tun kaka da kakanni, Larabawa baƙi ne da iska ke kawo jiragensu, suka bar kalmomi, fatake suka shiga da harshen har Kongo. Kakata ta ce, "To mu a kan raƙumi namu suka zo, shi ya sa suka fi ƙwari." A gardamar nan tasu na koyi Hausa, ina sonsu su biyun kamar me.

Biza ta ƙare, kakata ta koma Funtuwa da ƙiba. Maƙwabtan ma suka tashi, babu wanda ya tuna ya karɓi lamba.

Yanzu wayata na fassara Swahili kafin ƙiftawar ido, amma ba ta san inda matar take ba. A ciwon kakata na ƙarshe na je duba ta, ta riƙe hannuna, ta ce, "Matar bakin tekun nan ta ji ba ni da lafiya?" Na ce ta ji, tana gaishe ki. Allah ya yafe min, ta yi murmushi.