Fuskar Baffa

Mahaifina, wanda muke kira Baffa, bai yarda da hoto ba, ko katin zaɓe bai taɓa yi ba. In ka ɗaga waya sai ya juya maka ƙeya, ya ce ka je ka ɗauki shanu, su ne masu kyau. Sau ɗaya ya sakko, ranar sunan 'yata, da ya taso daga rugarmu ta Buji ya zo Dutse. Ya zauna kan tabarma da jaririyar a cinya, ya ce a yi maza kafin ya fasa.

Mai hoton ɗan kawuna ne, abokin wasana, yana da shago a Yalwawa. Ya hana kowa ɗaga waya, wai kada a ɓata masa aiki. Da na je karɓa sai ya ce in bari ya gyara haske tukuna, ai hoton yana cikin saba. Sabar nan wata babbar kwamfuta ce a ƙuryar shagon, a cikinta yake tara hotunan bukukuwan jama'a. Ya dafa ta ya ce ta fi banki tsaro.

Na yi ta sintiri. Kullum na je sai in tarar sabar tana gurnani kamar injin markaɗe. Ya ɗauke fankar da ke fifita ta ya kai wurin zaman baƙi, ya mayar da kanta wurin ajiye filas ɗin shayi. A gabana mai gyara ya ce masa ta tsufa, a sauya kayan cikinta, a kwafe hotunan a ajiye a wani wuri. Gogan naka ya yi dariya, ya ce masu gyara ba sa son ganin abu lafiya. A watan nan ya sayo ɗan jirgin ɗaukar hoto daga sama.

Baffa ya rasu da damina. Bayan sadakar bakwai na nufi shagon. Ashe sabar ta mutu tun cikin bazara, har Kano ya kai ta ba a ciro komai ba, ya yi shiru da bakinsa. Ya ce in yi haƙuri, ƙaddara ce. Wannan kalma ta fi komai ƙona mini rai.

Ban ɗaga murya ba. Amma duk wanda zai yi biki a dangi sai na ba shi labarin sabar, kuma na ji daɗin kowane aikin da ya kuɓuce masa. Duk da haka ban huce ba.

Bara mai hoton ya samu kujerar Makka, ya shiga bin gidaje neman yafiya, ya zo nawa. Na sa aka kawo masa shayi, sannan na kira 'yata, wadda ta shiga firamare, kullum tana damuna da tambayar kamannin kakanta.

"Ga wanda muka ba ajiyar fuskar kakanki," na ce mata. "Tambaye shi."

Ya shiga kame-kame, wai fari ne, dogo. Ta ce wannan ta sani. Abin da take son ji, da ya riƙe ta, ya yi murmushi? Ya dube ni yana neman ceto, ni kuwa na ci gaba da kurɓar shayina. Bai tuna ba.

A ƙofa ya sake roƙon in yafe. Na ce Allah ya kai shi lafiya, ban ƙara komai ba.

Baffa ya yi murmushi ranar sunan, har giɓinsa ya fito. Sai da motar mai hoton ta sha kwana sannan na gaya mata.