Gonar da Baba Ya Gani a Waya

Shekarar da ƙafafun Baba suka daina ɗaukarsa, a shekarar ruwa ya ɗauke mana tun hatsi bai gama yin ido ba. Gonarmu da ke bayan Filinge ta koma kara zalla, zangarniya kamar wutsiyar ɓera. Likita ya ce a kiyaye duk abin da zai tayar masa da hankali, shi kuwa Baba bai da zance sai gona. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya tambaye shi hatsi, kowa kuma amsarsa ɗaya: “Alhamdu lillahi.”

Da na zo daga Yamai lokacin girbi, ko ruwa ban sha ba ya ce, “Wagga waya taka, ba ta ɗaukar hoto? Tahi ka ɗauko mini gonata in gani.”

Na je na tsaya tsakiyarta, na juya gabas na juya yamma, na rasa inda zan auna. Har durƙusawa na yi ko kara zai ƙara tsawo. Ina! Sai idona ya faɗa kan gonar ƙasa, wadda ke cikin kwari inda danshi ya zauna. Damman hatsi jere, zangarniya kamar damtse. Gonar taubashin Baba ce, ɗan gwaggonsa, mutumin da tun ƙuruciya suke gasar noma, kowace kaka ɗaya sai ya yi wa ɗaya dariya a kasuwa. Na tsallaka iyaka ba tare da sallama ba. Na ɗauki hoton damma, na ɗauki na zangarniya da hasken la'asar a bayanta. Ni kaina sai da na yaba wa hannuna.

Baba ya riƙe wayar kusa da hanci, ya daɗe yana kallo. Na ga fuskarsa ta saki, abin da rabona da gani tun kafin ya kwanta. Na ji daɗi ƙwarai, ban kuma ji kunyar komai ba. Sai ya ce, “A kira mini wancan raggon.”

Na san taubashin nasa yake nufi.

Taubashin ya shigo da sandarsa, yana tambaya ko gawar ta tashi. Baba ya miƙa masa waya. “Duba nan. Ina kwance na kashe ka.”

Tsohon ya duba hoto na farko, ya duba na biyu. A na ukun ga jakinsa nan mai yankakken kunne, yana kiwo a gefe hankali kwance. Ya ɗago ya kalle ni. Ni kuma na shiga nazarin rufin ɗaki. Mutumin nan bai taɓa yarda an fi shi ko da zangarniya ɗaya ba, na ga leɓensa na rawa da maganar da ke son fita.

“Hatsin ba laihi,” in ji shi.

“Ba laihi? Hwaɗi gaskiya!”

Ya mayar wa Baba wayar. “To, bana ka hi ni.”

Baba ya yi dariya har da tari, har inna ta leƙo.

Na raka tsohon zaure ina jiran sanda a gadon bayana. Ya tsaya yana laluben takalmi, bai kalle ni ba.

“Ɓarawon gona,” ya ce. “Gobe da sahe ka taho ka ɗauki hoton rumbuna tun ban ruhe shi ba. Na san halinai, shi za ya tambaya.”