Akushi Mai Tsaga

Ina da shekara goma sha biyar tabon kuturta ya fito mini a kafaɗa, aka ɗora ni a jaki daga Wurno zuwa asibitin kutare na 'yan mishan. Shekara bakwai na yi a can. Na warke da yatsuna goma cif, na koyi boko, na kuma karɓi Almasihu. Da na dawo na tarar Baba ya rasu, an raba gado ba da ni ba, domin an ce wanda ya bar addini ba shi da rabo. Fadamarmu ta albasa a bakin gulbin Rima, wadda na buɗe ido a cikinta, ta zama ta yayana shi kaɗai.

Wannan na haɗiye shi, ko da yake bai wuce maƙogwaro ba. Abin da ya ci mini rai akushi ne. Ranar da na iso, Inna ta kawo tuwo, sai Yaya ya ɗauko wani akushi, ya sa wuƙa ya yi masa tsaga a baki, wai don kada yara su rikita shi da na mutane. Na miƙa masa takardar sallamata daga asibiti. Ko kallonta bai yi ba.

Ya ce, "Ni ban iya karatun Nasara ba. Tahi can ka ci naka."

Na ci. Da na kama ɗaki a bakin gari na tafi da akushin, na kife shi inda zan riƙa ganinsa kullum.

Lokacin Turawa ba su tafi ba, kuma an fara samun ƙwayar maganin kuturta. 'Yan mishan suka ba ni aikin rabonta, da keke da farar riga, mako-mako, yau Goronyo gobe Rabah, a gindin tsamiya. Na hura hanci, ba na musu. Hanyar Goronyo ta gefen fadamarmu ta bi, in na hango Yaya yana jan jigo, albasa kore shar, sai in ji kamar an zuba mini barkono a ƙirji. In kaɗa ƙararrawar keke don ya ɗago ya ga rigata, in wuce ba gaisuwa. Da safe kuwa ina addu'a ba fashi, amma in na zo wurin roƙon a gafarta mini yadda nake gafarta wa wasu, sai tari ya kama ni, in tsallake.

Wata rana bayan la'asar sai ga Yaya a ƙofata, yana waige-waige. Ya shigo ya tuɓe riga.

Ya ce, "Diba min bayana. Mi an nan?"

Na sa ya rufe ido, na shafa wurin da auduga, bai ji ba. Na soka tsinke, bai motsa ba. Na ce masa kuturta ce. Sai ya ce, "Don Allah ka riƙa ba ni maganin nan ɗaka. In mutane sunka ji, babu mai sayen albasata, ɗiyana ko ba su samun mazan aure."

Na ce, "Doka ce, Yaya. Ka taho Goronyo ranar rabo, ka bi layi awa kowa."

Ƙarya nake yi. Akwai manya biyu a garin da nake kai wa ƙwaya har zaure, babu wanda ya sani. Da ya kai bakin ƙofa na ƙara masa da cewa in ya isa gida ya nemi wuƙar nan tasa, akwai sauran akusa. Na ji daɗin maganar nan, har na kwana uku ina maimaita ta a raina.

Bai zo layi ba. Na san ba zai zo ba, na kuma fi kowa sanin abin da jinkiri ke yi wa mai wannan ciwo. Shekara uku yana bin masu saiwa da sassaƙe. Ni kuwa kowane mako in duba layi, in ce wa kaina ai girman kansa ne ya hana shi.

Inna ce ta zo ta same ni ina goge keke. Ta ce igiyar jigo ta cinye tafin hannun Yaya bai sani ba, sai da ya ga jini a guga. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta tsaya tana kallon akushin da ke kife.

Ta ce, "Addinin nan naka, haka yac ce a yi?"

Ranar na kai wa Yaya ƙwaya har ɗaki. Magani ya kashe ciwon, amma ba ya mayar da abin da ya tafi. Yatsu shida suka guntule, sauran suka ƙandare.

Na durƙusa na roƙe shi gafara, na gaya masa zancen manyan nan biyu. Ya ce, "Ni naf fara." Na ce masa shi itace kawai ya yanka, ni kuwa yatsunsa na yanke. Daga ranar tari ya daina kama ni a addu'a, amma kada wani ya ce mini na yi nasara. Na bar girman kai ne bayan ya gama cin abin da zai ci, kuma ba a jikina ya ci ba.

'Ya'yansa duk mata ne, don haka ya ce in riƙe fadamar. Na samu abin da na yi shekaru ina ƙyashi. Albasa tana yin kyau kowace shekara, ban taɓa jin daɗin kallonta ba.

Akushin na mayar da shi gida, a ciki muke ci mu biyu. Har ya rasu ni nake dunƙula masa loma.