Takardar da Na Cike wa Yaya Habu

Da damanar bana Yaya Habu ya cika shekara bakwai a ƙasa. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya bar gonarmu ta Kademi ya kama aiki a wani kamfanin casar shinkafa da ke hanyar Gaya, don ni in samu in yi karatu.

Aikinsa a bakin inji yake, inda ƙurar ƙaiƙayi ke tashi tun safe har la'asar. Kamfanin yana da ɗan ɗakin shan magani, da malamin asibiti guda, Malam Idi, wanda surukin maƙwabcinmu ne. Duk ƙarshen shekara akan raba wa ma'aikata takarda: shin kun gamsu da yadda ake duba lafiyarku? Yaya bai iya boko ba, don haka ni yake kawo wa.

A shekararsa ta ƙarshe tari ya riga ya cinye shi. Ko kiran salla ba ya iya kaiwa ƙarshe a masallacin unguwa. Duk zuwan da ya yi wurin Malam Idi, ƙwayar ciwon kai da maganin tari ake ba shi, ba a taɓa tura shi hoton ƙirji ba. Na ce masa, "Yaya, bari mu rubuta gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ya ce, "Kai yaro ne. In sa a kori Idi, in haɗa ido da wa a gari? Mutum ya ba ka magani, ka ce bai kyauta ba? Rubuta na gamsu."

Na rubuta. Har layi na ja a ƙarƙashi.

Bayan sadakar bakwai na je kamfanin ina huci, na tambayi manaja dalilin da ya sa ba a tura shi babban asibiti ba. Bai yi mini faɗa ba. Ya buɗe fayil ya jera mini takardu huɗu a kan tebur, kowacce na cewa Habu ya gamsu. Rubutun hannuna ne duka. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba.

Yanzu an ci gaba, in ji su. An sabunta takardar, an sa mata fuskoki masu murmushi da masu ɓata rai, mutum ya zaɓa. Da Yaya zai dawo ya gani, dariya zai yi har tarin ya sarƙe shi, sannan ya dangwala wa mai murmushin yatsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mutanenmu ba sa faɗa wa baƙo, balle takardar da aka rubuta sunansu a kai, kuma wanda ake tambaya game da shi ne zai karɓa.

Me ya rage na Yaya? Akwai 'ya'yansa uku, akwai karatuna, akwai kuma karar nan da yake yi wa mutane, wadda nake yabo ina jin haushinta.

Watan jiya Sale, amininsa da ya gaje shi a bakin injin, ya zo mini da tasa takardar. Sau uku tari ya katse masa gaisuwa. Na ce wannan karon abin da kunnena ya ji zan rubuta. Ya dube ni, ya linke takardar ya mayar aljihu.

Ya ce, "Bar shi, Malam. Zan kai wa wani."